Za a cike fadamarmu a gina rukunin gidaje: ina ruwan damina zai bi?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum. Wani kamfani ya sayi gonaki masu yawa a bayan ƙauyenmu da ke kudu da birnin Kano domin gina rukunin gidaje, kuma tuni masu awon fili suka zo suka kafa duwatsun iyaka. Hankalin jama'a duk ya tafi ga maganar diyya, amma ni abin da ya fi damuna shi ne gangaren filin fadama ce, kuma akwai kududdufin da ruwan gari yake kwarara cikinsa duk damina, wanda aka ce za a cike shi da burji. Shin akwai dokar da ta tilasta a binciki illar aiki irin wannan kafin katafila ta shiga?

Injiniyan Magudana:
Wa alaikumus salam, Malam. Akwai doka, wato Doka ta 86 ta shekarar 1992, wadda ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli, kuma duk rukunin gidajen da ya kai hekta 50 yana cikin waɗanda ba a yarda a fara su ba sai Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince da rahotonsu. Ana ajiye rahoton a bainar jama'a domin mutanen yankin su karanta su rubuta ƙorafi, sai dai sau da yawa wa'adin yakan ƙare ba tare da mai unguwa ma ya ji labari ba.

Damuwarka kuwa tana kan hanya. Ƙasar gona tana shanye kaso mai yawa na ruwan sama, kududdufi kuma yana riƙe ragowar ya riƙa sakinsa a hankali, amma da zarar an rufe fili da kwano da kwalta da siminti, ruwan da a da yake kwana yana tsiyaya sai ya taho gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Tun da za a yi ciko a ɗaga sabon filin, tsofaffin gidajenku ne za su koma ƙasa, kuma katangar laka ba ta jure ruwan da ya kwanta a gindinta. Ku nemi dagaci ya jagorance ku zuwa hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, ku buƙaci a nuna muku taswirar magudanan ruwa, musamman inda babbar lambatu za ta ƙare. Idan a bakin katangar rukunin ta tsaya, to ku aka bari da ruwan.

Hajiya daga Lugbe:
Ɗan'uwa, kada ku yi sake. A watan Yunin 2023 ambaliya ta mamaye gidaje sama da 100 a rukunin Trademore da ke nan Lugbe a Abuja, har hukumar birnin tarayya ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i, aka kuma shiga jayayya a kan rushe gidajen da aka ce suna kan hanyar ruwa. Waɗanda suka biya kuɗinsu suka sayi gida su ma sun sha wahala, saboda haka wannan magana ba ta manoma kaɗai ba ce.

Malamin Makaranta:
Ni ba na goyon bayan a hana ginin, domin duk wanda yake biyan haya a cikin Kano ya san ana bukatar gidaje, kuma unguwa mai tsari ta fi awon igiya da ba a barin ko hanyar mota. Amma Injiniya, Allah ya ƙara basira, ba ka taɓo batun ruwan ƙarƙashin ƙasa ba. Idan kowane gida ya haƙa rijiyar burtsatse, ga shadda kusa da ita, rijiyoyin ƙauyen marasa zurfi ne za su fara ƙafewa ko su gurɓace. Ku sa kamfanin ya rubuta alƙawarin tankin ruwa na bai ɗaya, ya bar kududdufin a matsayin matattarar ruwa, ya kuma ƙirga ɗorawa da kuka da tsamiyar da ke filin kafin a sare ko ɗaya, sannan dagaci da hakimi su sa hannu a takardar.