Tsanin wurin ninkaya yana ɗan jan mutum, amma bireka ba ta faɗi ba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan aka taɓa tsanin ƙarfe na wurin ninkaya aka ji ɗan tsirr a hannu, musamman lokacin da injin tace ruwa ke aiki, amma bireka ba ta taɓa faɗuwa ba, akwai haɗari ne? Kuma idan aka ƙara kafa sandar ƙasa (ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don wutar da ta yi yoyo ta bi) kusa da injin, zai magance?

Mai aikin wuta:
Wa alaikumus salam. Malam, a fitar da kowa daga ruwan, a kashe wutar daga babban allo, kada a koma sai an gano inda take yoyo. Bireka mai amp 16 ko 20 waya take karewa kada ta yi zafi ta kama da wuta, ba ruwanta da jikin mutum. Miliamp 10 kacal (amp ɗaya miliamp dubu ne) ya isa hannu ya ƙame a kan abin da ya riƙe. Jiƙaƙƙen jiki juriyarsa kan sauka zuwa wajen ohm 1,000 (ohm ma'aunin juriya ga wuta ne), ka ga volt 230 za ta tura miliamp 230 ke nan, wanda ya isa ya hargitsa bugun zuciya, bireka kuwa ko gezau. A cikin ruwa ma ba sai ta kai haka ba. Gaɓoɓi ne za su sandare, mutum ya nutse shiru, a ce bai iya ruwa ba.

Abin da ake buƙata shi ne na'urar yanke wuta da ake kira RCD, mai miliamp 30, a layin injin da soket-soket. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ta ga giɓi sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. A riƙa danna maɓallin gwajinta, in ba ta faɗi ba a canza ta.

Injiniyan lantarki:
Maganar sanda, ɗan'uwa, ita kaɗai ba za ta yi ba. Abin da ke jan mutum bambancin volt ne tsakanin abubuwa biyu da ya taɓa lokaci guda, ƙafa a ruwa, hannu a tsani. Maganinsa a ɗaure tsani, rodin cikin kankare, jikin injin da duk bututun ƙarfe da waya ɗaya ta jan ƙarfe mai kauri, su zama daidai. Yawanci a nan ake samun matsala: sinadarin kilorin ya ci wurin ɗaurin, ya yi kore, a ido yana nan amma ya daina aiki.

Neman yoyon kuwa, da mitar auna volt ake yi, ba da hannu ba. A kunna layuka ɗaya bayan ɗaya ana auna tsakanin ruwa da tsani. Wuraren da na fi zargi: robar da ke tare ruwa a bakin injin ta lalace ruwa ya shiga cikin motar, ko fitilar cikin ruwa ta tsage, ko an haɗa waya da salatif an binne. In an kashe komai kuma mita na nuna volt, mai yiwuwa daga layin da ya kawo wuta take zuwa.

A ƙa'idar IEC, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin lantarki, cikin ruwa da tazarar mita 2 daga bakinsa galibi ba a yarda da abin da ya wuce volt 12 ba, kuma tiransifomar da ke sauko da wutar zuwa volt 12 ta zama mai raba layin shiga da na fita gaba ɗaya, a ajiye ta nesa.

Malamin ninkaya:
Wanda ya ji jan wuta yana cikin ruwa ya koma ta inda ya fito, kada ya nufi fitila ko tsani. Na waje kuma kada ya yi tsalle ya shiga ceto, sai su zama biyu. A kashe wuta tukuna, a miƙa masa sandar roba ko busasshiyar igiya. In ba ya numfashi a fara danna ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti, wani na kiran motar asibiti. Ko ya miƙe garau likita ya duba zuciyarsa.