Kainuwa ce ke ba ruwa iska, ko ciyawar da ke nutse a ciki?

Mai lambu daga Zariya: Assalamu alaikum. Na haƙa ɗan tafki a bayan gida, ba don kiwo ba, don kwaɗi da mazari da tsuntsaye su samu wurin zuwa. Maƙwabcina ya ce in zuba kainuwa, wai ita ce ke ba ruwa iska. Me kuka gani?

Alhaji mai kiwon tarwaɗa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka. Kainuwa dashen Allah ce, ba ta son ban ruwa, ba ta son taki. Na daɗe da ita a wurina, ruwan garau, kifina bai taɓa galabaita ba.

Malamar kimiyya: Alhaji, a gafarce ni, garau daban, iska daban. Saiwar kainuwa na tsotse abincin da gansakuka ke rayuwa da shi, shi ya sa ruwanka ya washe. Amma ganyenta a sama yake, oksijin ɗin da take fitarwa sararin sama yake tafiya. Idan kuwa ta rufe fuskar ruwa, ta tare rana, ta kuma hana ruwan haɗuwa da iska. Mai ba ruwa iska ita ce wadda ganyenta ke nutse. Akwai wata mai sirantattun ganye kamar gashi, ba ta da saiwa, masana na kiranta seratofilum, tana nan a kogunan Afirka tun asali. Saka ta a kwalba cikin rana, za ka ga ƙananan kumfa na tashi daga jikinta.

Alhaji: To me ya hana kifina mutuwa, Malama?

Malama: Tarwaɗa tana da wata gaɓa kusa da maƙoshi da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a caɓi. Gwada da ƙarfasa. Ka leƙa da asuba, domin da dare kowane tsiro shan oksijin yake yi, kafin fitowar rana ne ruwa ya fi ƙarancin iska.

Baba masunci daga Nguru: 'Yata ta yi gaskiya. Mu da muke cikin kwalekwale mun sani, ƙarƙashin shimfiɗar kainuwa ruwa baƙi ne, yana wari. Kuma ɗana mai lambu, duk wanda ya ce ka dasa kacala, doguwar ciyawar nan ta fadama, don ado, ka guje shi. Bayan dam ɗin Tiga na 1974 ya sauya tafiyar ruwa, kacala ta toshe mana hanyoyi a fadamar Haɗeja da Nguru, ta cinye gonaki, tsuntsayen jan baki suka samu maɓoya suna yi wa shinkafa ɓarna. Bado ka dasa. Namu ne, furensa fari, muna cin 'ya'yansa.

Jami'in lafiya: Ni duka ɓangarorin ina da magana. Kainuwa na ɗauke da sauron da ake kira Mansoniya, tsutsarsa na soka bututunta a saiwar tana numfashi, ba ta ko hawowa sama. Ita kuma ciyawar da Malama ke yabo, gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ce. A kogin Senegal, bayan an gama dam ɗin Diama a 1986, ciyayin ruwa suka yawaita, tsargiya ta ɓarke a garin Richard Toll na ƙasar Senegal. Har yanzu cire wannan ciyawa daga mashigar ruwa na cikin dabarun yaƙi da cutar a can. Ga yara a gida, ban yarda ba.

Malama: Yallaɓai, wannan babbar magana ce, ban raina ta ba. Sai dai tsargiya ba ta ɗorewa sai fitsari ko bayan gidan mai cutar ya shiga ruwan. Haɗarin shi ne a kwaso dodon koɗin da ya riga ya kamu daga kogi. A ɗebo ciyawar da safar hannu, a wanke, a ajiye a bokiti makonni ana tsince dodon koɗi da ƙwansa.

Jami'in lafiya: Ƙwan fa ƙanana ne, manne suke a ganye. Wa zai tsince su duka? Kuma wa zai hana yaro tsoma ƙafa?

Alhaji: Kun ga? Kainuwata dai ba a ce tana kawo fitsarin jini ba.

Baba: Alhaji, dodon koɗi bai san sunan ciyawa ba, har a gindin badon da na yaba yana nan.

Mai lambu: Na gode, iyayena. Bado zan sa a gefe guda, in bar fiye da rabin ruwan a buɗe, in kewaye tafkin da waya saboda yara. Kainuwa dai na fasa. Malama, ciyawar taki tana bokiti tukuna, kuma Yallaɓai, in Allah ya yarda zan kawo maka duk dodon koɗin da na tsinta ka duba min kafin in yanke shawara.