Neman kalmar Hausa: me za mu kira "quorum" a zaman ofis?

Magatakardan kwamiti, Zariya: Assalamu alaikum. Malamai da masu aikin fassara, kalma ɗaya ce ta gagare ni. A wurin aikinmu an yanke shawarar a riƙa rubuta rahoton zaman kwamitin jin daɗin ma'aikata da Hausa, domin direbobi da masinjoji da masu gadi duk suna da wakilai a ciki, kuma kuɗinsu ake yanke hukunci a kai. Ajanda ta zauna daram, mitin ma kowa ya san shi. Amma quorum fa? Wato mafi ƙarancin mutanen da dole su halarta kafin zama ya halatta. Ni dai nakan rubuta "adadin mambobin da ƙa'ida ta ce sai sun halarta kafin a fara zama", layi guda cur. Shugaba ba zai iya furta wannan duk ranar zama ba, sai ya koma Turanci, rabin ɗakin kuma su yi shiru. Ina son kalmar da za a faɗa da baki, a kuma rubuta.

Ma'aikaciyar banki, Kano: Wa alaikumus salam. Malam, ba "rinjaye" ba ne? Idan mafi yawan mutane sun zo, ai an samu rinjaye.

Tsohon ma'aikacin majalisa, Kaduna: Ƙanwata, a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Abu biyu ne daban. Sashe na 54 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce sulusin 'yan majalisa ya isa a yi zama. Sanatoci 109 ne, to 37 sun wadatar. 'Yan Majalisar Wakilai 360 ne, 120 sun isa. Majalisar Dokokin Kano mai kujeru 40, mutum 14 ne. Kin ga babu inda aka kai rabi, balle rinjaye. Rinjaye sai lokacin ƙuri'a yake shigowa: idan sanatoci 37 ne a zauren, a ƙuduri na yau da kullum 19 daga cikinsu sun yi rinjaye. Ɗaya shi ke buɗe ƙofar zama, ɗayan shi ke raba gardama bayan an zauna. In muka ba su suna ɗaya, ranar da rigima ta tashi rahoton ba zai raba ta ba.

Mai aikin ƙungiyar raya karkara, Maraɗi: Mu a Nijar kalmar ɗaya ce, da Faransanci ma haka ake rubuta ta, asalinta Latin ne. Me zai hana mu ara kawai, mu ce "kworam", kamar yadda aka ari ajanda?

Malamar Hausa, Katsina: Ɗan'uwa, aro ba abin kunya ba ne, ai mota da asibiti da makaranta ma akwai na aro a cikinsu. Amma ajanda ta shiga ne domin an daɗe ana jin ta a rediyo, har 'yan siyasa suna cewa "ajandarmu". Kworam ba ta taɓa fita daga ɗakin taro ba. Ka faɗa wa mai gadi, abin da kunnensa zai kama shi ne kwaramniya. Ni na yi tunanin "cikar zama", a ce "zama ya cika". Sai dai na ga za a ɗauka kowa da kowa ya zo, alhali ana nufin mafi ƙaranci. "Isassun mutane" kuma ba ta ɗaure kowa, shugaba zai dubi mutum uku ya ce a ganinsa sun isa.

Malamin Islamiyya, Sakkwato: Ku gafarce ni, ba fagena ba ne, amma ina ganin kalmar tana hannunmu tun kaka da kakanni: nisabi. Duk Bahaushen da ya taɓa jin wa'azin zakka ya san nisabi shi ne iyakar da in dukiya ta kai, hukunci ya hau kanta, in ba ta kai ba babu komai. Tumaki da awaki 40, shanu 30, raƙuma 5. Mai tumaki 39 bai cika nisabi ba, ko da ɗaya ce ta rage, kuma ba ra'ayin kowa ba ne, lissafi ne. Ba wannan kuke nema ba? Lamba ce tsayayya, ita ce mafi ƙaranci, kuma cikarta ce ke sa hukunci ya tabbata. Ga shi fi'ilinta ma a shirye: nisabi ya cika, nisabi bai cika ba.

Ɗan Hausa, Omdurman: Allah ya gafarta Malam, ka buga daidai. A nan Sudan da sauran ƙasashen Larabawa haka ake cewa a majalisa da kamfanoni: annisabul ƙanuni, nisabin doka. A labarai za ka ji an ɗage zama saboda nisabi bai cika ba. Larabawan da muka karɓi kalmar daga wajensu sun riga sun kai ta ɗakin taro.

Malamar Hausa, Katsina: Madalla! Na janye tawa. Abin da ya fi burge ni shi ne tana karɓar duk ginin jimla ba tare da an tilasta mata ba: a ƙirga nisabi, nisabinmu mutum bakwai ne, an ɗage zama don rashin nisabi, nisabi ya karye.

Jami'in kula da ma'aikata, Jos: Hajiya, bari in faɗi damuwata tun da wuri. Ni Kirista ne, da Hausa na tashi, da ita nake sujada a coci, amma yau na fara jin nisabi. A ofishinmu kusan rabin ma'aikata irina ne. Kada mu fita daga kalmar da wasu ba su gane ba mu faɗa wata da wasu ba su gane ba.

Malamar Hausa, Katsina: Yallaɓai, maganarka abin dubawa ce, kuma na gode da ka faɗe ta. Abin da zan ce shi ne, hukunci da sharaɗi da wakili da majalisa da shaida duk ta hanyar littattafan fiƙihu da kotunan alƙalai suka shigo, yau kuma kowa yana amfani da su a coci da kasuwa da ofis. Nisabi bai yi wannan tafiyar ba tukuna, gaskiya ne. Amma kworam baƙuwa ce ga kowa, nisabi kuwa miliyoyi sun riga sun san shi, sauran kuma bayani ɗaya ya ishe su domin sautinsa na Hausa ne. Shawarata kada a bar shi tsirara. A ce "nisabin zama", a kuma fassara shi sau ɗaya a farkon ƙa'idojin kwamiti.

Jami'in kula da ma'aikata, Jos: In za a haɗa shi da "zama" kuma a yi bayaninsa a rubuce, na yarda a gwada.

Lauya, Abuja: Tunda an samu suna, ku bar ni in ce wani abu kan amfaninsa, domin nan ne zaman ofis yake lalacewa. Mutane sukan ɗauka ƙirga mahalarta al'ada ce kawai, sai ranar da aka amince da ba da bashi ko sayen mota, wani ya tashi ya ce zaman bai halatta ba. A dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, in ƙa'idojin kamfani ba su faɗi wani abu daban ba, nisabin babban taro shi ne sulusin mambobi ko mutum 25, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ku ma ku rubuta naku da lamba. Ku rubuta minti nawa za a jira, in bai cika ba a ɗage, maimakon mutum biyar su zauna awa biyu aikinsu na tsaye suna jiran na shida. Ku faɗi ko wanda ya shiga ta Zoom ko ta waya yana cikin lissafi. Sannan babbar matsalar ita ce masu sa hannu a rajista don alawus ɗin zama, su sulale kafin a zo kan muhimmin batu. Rajista cike, kujeru babu kowa.

Malamin Islamiyya, Sakkwato: Barista, wannan ma mun san irinsa. A mazhabar Malikiyya Juma'a ba ta inganta sai da mutum 12 ban da liman, kuma sharaɗi ne su tsaya tun daga huɗuba har sallama. Zuwa kaɗai bai wadatar ba.

Tsohon ma'aikacin majalisa, Kaduna: Shi ya sa nake son "nisabi ya karye" da Hajiya ta kawo. Duk mamba ya samu damar ɗaga hannu ya ce, ranka ya daɗe, a sake ƙirga nisabi kafin a kaɗa ƙuri'a. Masinja ma zai iya faɗin wannan da bakinsa, abin da da Turanci ba zai taɓa yi ba.

Ma'aikaciyar banki, Kano: To "nisabin zama" ko "nisabin taro"?

Malamar Hausa, Katsina: Kwamiti da majalisa da hukumar daraktoci zama suke yi, a ce nisabin zama. Babban taron shekara na masu hannun jari ko na 'yan ƙungiya, a ce nisabin taro.

Magatakardan kwamiti, Zariya: Allah ya saka muku da alheri. Ga abin da zan gabatar wa kwamiti a zama mai zuwa, wanda ya ga gyara ya faɗa: "Nisabin zama shi ne mafi ƙarancin mambobin da sai sun halarta zama yake halatta. Nisabin wannan kwamiti mutum 7 ne, har da wanda ya shiga ta waya. In bai cika ba bayan minti 30, a ɗage zama zuwa mako mai zuwa. Ba a kaɗa ƙuri'a kan kuɗi sai an sake ƙirga nisabi."