Daga fadama zuwa majalisa

Baba Manomin Auyo:
Bismillahi, 'ya'yana, ina da tambaya,
Ku da kuka yi boko ku zo da warwarewa.
Ciyawar kachala ta cike kogi, ta toshe hanya,
A 2022 shinkafarmu muna gani tana nutsewa.
Wakilai talatin gare mu a majalisar Dutse,
Ta ina kukan manomi ke shiga har a yi gyarawa?

Malama Ta Kafin Hausa:
Baba, ranka ya daɗe, ga yadda ake yi:
Ƙuduri ne ɗan majalisa ke gabatarwa.
Karatu na ɗaya, a na biyu a tafka muhawara,
Sai kwamiti ya karɓa don tacewa.
Nan ake kiran jama'a a ji ra'ayinsu,
Mai gona da mai shanu kowa na da ta cewa.
Bayan karatu na uku sai teburin gwamna,
Kwana talatin aka ba shi na dubawa.
In ya ƙi, biyu bisa uku suka sake yarda,
Ta zama doka, ba mai iya hanawa.

Masuncin Guri:
Yaya Malama, na ji, kuma na gode,
Amma jin ra'ayin, a ina ake zaunawa?
In a birni ne, sanarwa kuma da Turanci,
Mai jefa koma a ruwa yaushe zai ji, balle zuwa?
Kuɗin mota kaɗai ya cinye kamun yini,
Yara na gida suna jiran abin dafawa.
Dubi Kano: dokar masarautu ta 2019,
A 2024 wata majalisar ta yi rushewa,
Duka biyun cikin 'yan kwanaki aka gama.

Malama Ta Kafin Hausa:
Ƙanena, kada zafin rai ya sa mu naɗe hannu.
Takardar koke wakili ke shigarwa.
In ya toshe kunne, sashe na 110 na tsarin mulki na nan,
Fiye da rabin masu rajista su sa hannun kiranye,
INEC ta shirya ƙuri'ar tantancewa.

Baba Manomin Auyo:
To ranar kasuwa mu haɗu a ƙofar dagaci,
'Yata, ki zo da biro, da Hausa za a rubutawa.
Wanda bai iya ba ya dangwala yatsa,
A sa kuɗin yashe kogi a kasafi, shi muke nemawa.

Ardo na Kiri Kasamma:
Baba, kada a rufe takarda ban iso ba,
Burtalinmu gonaki na ta cinyewa.
A rubuta shi kusa da zancen kachala,
Ni ma da mutanen ruga muna tahowa.