Na tsokani taubashina a gidan biki, matarshi ta ɗau zafi

Bakaben Argungu:
Salamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce munka je ɗaurin aure Birnin Kebbi, ana cikin cin shinkafa sai ga taubashina, ɗan kawuna, ya shigo da babbar riga sai ƙyalli take. Na ce mishi kai bawana, wa ya ara maka rigar ga, zo ka wanke min hannu. Wuri ya ɗauki dariya, shi kanshi har da ƙwalla, ya ce in fara biyan kuɗin sharar bara tukuna. Ashe matarshi na bayan labule ta ji, ita ba nan ta tashi ba, wai na wulaƙanta mijinta gaban mutane, yau kwana shida ko gaisuwata ba ta amsawa. Don Allah na yi laifi?

Inna Yar Gusau:
Ɗana ba ka yi laifi ba, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ai gado ne. Mu da munka tashi, ranar cika-ciki a watan Muharram har gida taubasai ke bin juna kuɗin shara, a yi ta ja-in-ja kan waye ubangida waye bawa, ba mai fushi. Kakata ma mijinta take kiran yayana, ta ce ya bar ta ba cefane. Haka Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, su zagi juna a tasha fes sannan su ci tuwo kwano ɗaya. Ka sa uwargidanka ta je ta zaunar da ita ta yi mata bayani.

Malam na Jega:
Wasa halas ne in ba ƙarya ba cin mutunci, amma ya zo a hadisi cewa yawan dariya na kashe zuciya. Tambayata ɗaya, surukanshi na wurin? In suna nan ka ɗan zarce.

Dan Kaura:
Hhhh malam ya taɓo wurin. Ni abin da nake dubawa ko mutum na iya ramawa. Taubashinka ya rama nan take, to wasa ne. Amma wani mai kuɗi ya zauna majalisa ya yi ta yaɓa wa yaron shagonshi magana kowa na ƙyaƙyatawa, yaron na yaƙe don ba ya da bakin ramawa, wannan dariyar ƙeta ce, haƙorin dariya shi ka cizo.

Bakaben Argungu:
Malam wallahi baban matar na zaune gefena, sai yanzu na tuna bai yi dariya ba. Inna gobe in sha Allahu zan tura uwargida da goro.