Gangar itace marar fata a tsibiran Pasifik: mene ne matsayinta?

Hadiza: Assalamu alaikum. Na ga hoton wata ganga ta ƙasar Fiji da ake kira lali, wadda gungumen itace ne kawai da aka fafe, babu fata a jikinta. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda take ba da sauti, da kuma dalilin da ya sa mutanen tsibiran suke ba ta girma haka.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama. Ramin da masassaƙi ya fafe shi ne yake ƙara wa sautin ƙarfi idan aka bugi bakin gangar da sanduna, shi ya sa ake zaɓen itace mai tauri irin vesi. Sau da yawa biyu ake kaɗawa tare, babba da ƙarama, kowace da muryarta. A da, da ita ake shelar yaƙi ko rasuwar basarake, kuma bayan zuwan 'yan mishan na Methodist a 1835 sai ta koma kiran jama'a zuwa coci, aikin da take yi har yau a ƙauyuka da dama.

Malam Bello: Ina so in ƙara da misalin garamut, gangar itace irin wannan ta ƙasar Papua New Guinea, musamman a yankin kogin Sepik da tsibirin Manus. A wurare da dama a can, kowane dangi, har ma kowane magidanci, yana da salon kiɗan da aka san shi da shi, ta yadda wanda yake gona ko cikin kwalekwale zai ji ya gane cewa shi ake nema. A ganina nan ne darajarta take, domin sai ɗan gari ne yake fahimtar saƙon, baƙo kuwa amo kawai yake ji.

Hajiya Rabi: 'Yar'uwa, ki duba gangunan tsibirin Ambrym a Vanuatu. Su a tsaye ake kafa su a filin taro, wasu sun ninka tsayin mutum, da fuska mai manyan idanu a sassaƙe a samansu, tsagar kuma ta bi tsawon jikin. Ba kowa ne yake da ikon sa a sassaƙa masa ba, sai wanda ya kai wani matsayi kuma ya biya haƙƙin, galibi da aladu. Abin da yake damuna shi ne yawancinmu a gidajen tarihi na Turai da Amurka muke ganinsu, inda ba a yarda kowa ya buga su ba.