Shawarwari ga Mai Binciken Sauƙin Amfani da Manhaja

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda ake binciken sauƙin amfani da manhaja, mahalarta sun fi daɗewa a kan yawan mutanen da ya kamata a gwada manhaja da su. Da dama sun kafa hujja da Jakob Nielsen, masani a wannan fanni, wanda ya bayyana a shekarar 2000 cewa mutum biyar sun isa su bankaɗo mafi yawan matsalolin amfani, amma wasu suka ja kunne cewa wannan adadi na neman aibin tsari ne kawai, kuma duk mai son kwatanta tsari biyu da alƙaluma dole ne ya nemi mutane fiye da haka nesa ba kusa ba. A ganina wannan gargaɗi ya fi sauran nauyi, domin a nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe.

An kuma ba da shawarar a sa wanda ake gwajin da shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake aiki, mai binciken kuwa ya kame bakinsa ko da ya ga yatsan mutumin yana shawagi a kan maɓallin da bai dace ba, saboda wannan jinkirin shi ne ainihin bayanin da ake nema.

Game da awo, an ambaci ma'aunin SUS (System Usability Scale) na John Brooke mai tambayoyi 10, wanda ke auna yadda masu amfani suke ganin sauƙin manhajar, da dokar Fitts ta 1954, wadda ta nuna cewa lokacin kaiwa ga maɓalli ya dogara da nisansa da girmansa. Aka ƙara da cewa kada a fara tattara bayanai sai kwamitin ɗa'a na jami'a ya amince.